Tankin da Ba Ya Raguwa

A unguwar Hausawa ta New Bell, in ka ce Malam Badaru sai a tambaye ka wane Badarun, amma in ka ce mai Besfa ko makaho zai kai ka ƙofar gidansa, don ya san ƙararta. Shuɗiya ce, mai faɗin ƙugu, ya saye ta tun yana saurayi a hannun wani Bature da ya tashi komawa ƙasarsu, lokacin Badaru yana masinja a wani kamfanin dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta Duwala. Kamfanin ya mutu, Baturen Allah kaɗai ya san inda yake, gemun Badaru ya yi fari fat, amma Shuɗiya, haka yake kiranta, tana nan a zaure lulluɓe da tsohon zanen gado.

Kowace safiya, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya yaye zanen ya goge ta tun daga fitila har tayar safaya. Ba ya ba da aronta, ba ya barin kowa ya jingina da ita. Ko matarsa Lami, da suka tsufa tare, iyakarta ta zauna a baya a karkace ranar biki ko ta'aziyya. Abincin Shuɗiya ma da hannunsa yake haɗawa, domin Besfa irin tata ba ta shan fetur zalla. Sai an auna man inji a ɗan murfi an zuba a ciki an girgiza, abin da masu sayar da mai ke kira melanj. In ba haka ba injin ya bushe daga ciki ya ƙone.

To, sai ga shekarun wahala da ake kira lakiriz. Albashi ya zama labari, kamfanoni suna ta sallamar mutane, Badaru ya koma sayar da huluna da carbi a gefen masallaci. Ana cikin haka kuma aka shiga yajin da ya kashe gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba taksi, samari sun tare hanyoyi da tayoyi masu cin wuta, sai Asabar da Lahadi ake ɗan buɗewa kowa ya nemi na tuwo. Mota ba ta wucewa, amma babur yana kurɗawa ta lungu. Nan take duk wanda ya mallaki abu mai taya biyu ya zama ɗan benskin, wato mai ɗaukar fasinja a babur, kuma kuɗi suka koma hannunsu.

Daga nan Badaru ya daina barci da ido biyu a rufe. Samarin da a da ko sannu ba sa ce masa, yanzu har durƙusawa suke yi, baki na gaisuwa ido na cikin zaure. Abokinsa Ilu, da suke zaman hira tare a ƙofar masallaci, ya zo masa da masu saye har ya gaji.

"Malam, ka sayar ka huta," in ji Ilu. "In ba ka sayar ba ɗauke ta za a yi, ka tashi ba tsuntsu ba tarko."

"Wanda ya ɗauke ta sai dai ya haɗa da gawata," Badaru ya ce.

Gaskiya yake faɗa. Duk abin da ya taɓa mallaka ya tafi, ita kaɗai ta rage da ke tuna masa cewa shi ma ya taɓa zama wani a garin nan. Tsoron rasa ta ya shiga jininsa.

Wata Lahadi da yamma yana dawowa daga Marché Central, fetur ya ƙare masa tun kafin ya shiga unguwa, aljihunsa kuwa ko na kwalba ɗaya babu. Dole ya sauka ya tura. Yana turawa yana karkata kai wajen injin kamar mai sauraron wani abu, don masu wucewa su ɗauka gyara yake gwadawa. Daidai kwanar gidansa ya ɗaga ido, sai ya hango mutum ya yi wuf ya faɗa bayan wani rufaffen kes, ɗan shagon katako na bakin hanya. Bai ga fuska ba, amma ya ga hular da dogon wuyan. Sali ne, mijin 'yarsa Zainabu.

Sali mutumin arewacin Kamaru ne, dogo, mai sanyin magana, Hausarsa da ɗan karin Fillanci. Direban taksi ne, kuma motar tasa ce, wata tsohuwa mai ruwan ɗorawa da ya tara ya saya. Tun da aka kashe gari take fake a tsakar gidansu, can bayan babban kwata, sai Asabar da Lahadi yake fita da ita. Kunya gare shi ta fitar hankali. Bai taɓa cin abinci a gaban Badaru ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In zai gaishe shi, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna, ya yi gaisuwar da ƙasa yake kallo. A da Badaru na yabon wannan hali. Amma ran nan da ya jingine Shuɗiya a zaure yana haki, tambaya ɗaya ce ke masa yawo a kai. Me ya kawo yaron nan kwanar gidana, kuma me ya sa ya ɓuya?

Shuɗiya ta yi kwanaki a lulluɓe ba ta fita. Ran da ya samu ya sayar da 'yan huluna, ya sayo kwalbar mai ya haɗa, ya ɗaga sirdi ya buɗe tankin da ke ƙarƙashinsa zai zuba. Sai ya ji warin fetur ya buge shi. Ya ɗauko ɗan karan da yake aunawa da shi ya tsoma, ya fito a jiƙe har kusan rabi.

Ya daɗe a tsaye da karan a hannu. Shi dai ya san da ƙafarsa ya turo ta, tanki a bushe ƙayau. Fetur kuwa a lokacin ya fi turare tsada. Wa zai zuba mai a babur ɗin da ba nasa ba? Amsar ta zo masa da sauri, kuma ta zauna daram. Wanda ke hawa ne yake zubawa. Wani ne ke sace ta yana aikin benskin da ita, in ya gama ya dawo da ita da ragowar mai a ciki.

"Lami," ya kira. "Wa ke shiga zauren nan in ba na nan?"

Lami ta leƙo da muciya a hannu. "Zaure ai hanya ce, Malam. Kowa ta nan yake shiga."

"Tsakanin magariba da isha, in ina masallaci, kina ina?"

"Ina inda ka saba samuna, a bayan gida gaban murhu. Ko so kake in dawo da tukunya gindin babur?"

Ya gaya mata abin da ya gani. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"Ikon Allah. Mutane na kukan an sace musu, kai kana kukan an ƙara maka. To Allah ya kawo ɓarawon da zai cika mini buhun shinkafa."

Bai yi dariya ba. Ya ce mata ya san ko wane ne, ya ba ta labarin kes. Lami ta ajiye muciya.

"Haba Malam. Suruki ya gan ka ya kauce, shi ne abin mamaki? Kai ba ka tuna ran da ka hango mahaifina ka faɗa kwata da fararen kaya? Har yau ina jin warin."

"Ni ba na neman kayansa."

"Ka ji tsoron Allah. Yaron nan ko inuwarka ba ya takawa."

"Shiru-shiru ba tsoro ba ne," in ji Badaru. "Irinsu ne ke yi maka rami suna murmushi."

Daga ranar ya zama ɗan sanda a gidansa. Ya ɗora tsinken tsintsiya a kan sirdi ya lulluɓe da zane. Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga isha ya tarar da tsinken a ƙasa, man tanki kuma ya ƙaru. Ya shafa alli a tayar baya daidai inda ta taɓa siminti. Ya dawo ya tarar allin na nan inda ya bar shi, ko gezau. Wani da ya ga haka sai ya ce ai ba a motsa ta ba. Badaru kuwa sai ya girgiza kai ya ce lallai yaron nan shu'umi ne, har allin ya gani ya mayar da tayar daidai. Ya duba ko zai ga laka, don damina ce, lungunan New Bell duk caɓi. Tayoyi tas. Ya ce to, har wanke ta yake yi. Agogon da ke ƙirga tafiya ya mutu tun shekarun baya, ba shaidar da zai ba shi. Duk abin da ya gani sai ya zama hujja, abin da bai gani ba ma hujja ne.

Ya sayo sarƙa da kwaɗo ya ɗaure tayar gaba da ƙarfen taga. Mai bai fasa ƙaruwa ba. Ya ce an yanko makulli.

Sai Zainabu ta zo gaishe su wata rana, tana zaune a tabarma suna hira da uwarta, ta juyo ta ce, "Baba, wai in aka cika tankin Shuɗiya, kwana nawa yake yi maka?"

Badaru ya ɗago kai. "Wa ke tambaya?"

"A'a, ba kowa. Hira ce kawai muke yi da shi a gida."

Da shi. Badaru ya kalli Lami, kallon ga abin da nake faɗa miki. Lami ta kau da kai. Da 'yarsa ta tafi ya bi bayanta da ido, domin yanzu har ita yake zargi. Ashe aure na iya juya ɗan da ka haifa ya zama ɗan leƙen asiri a gidanka.

A ƙofar masallaci ya kasa riƙe cikinsa, ya fesa wa Ilu. Shi kuwa Ilu dama abin nema ya samu.

"Direban da motarsa ke kwance, ga iyali, ga babur a gidan suruki ba ya aikin komai? Malam, ai lissafi a fili yake. Yau aro yake yi a ɓoye. Gobe za ka ji an ce an ƙwace a shingen samari, ko jandarmomi sun kama. Daga nan sai dai ka ga mai kama da ita an sake mata fenti."

Kafin mako ya zagayo, rabin masu zaman ƙofar masallaci sun san mijin Zainabu na hawan babur ɗin surukinsa a sace. In Sali ya zo wucewa ya tuɓe takalmi ya tsuguna, sai hira ta tsaya, Badaru ya amsa gaisuwar da ƙyar ta hanci. Sali ya ƙara sunkuyar da kai ya wuce.

Man da ke cikin tankin kuwa Badaru bai bar shi ba. Ya ce tunda ana cin guminta, shi ma zai sha man ɓarawo. Ya koma fita kullum, ya daina saye, ya daina haɗawa. Sau ɗaya tunani ya gifta masa, anya man nan haɗaɗɗe ne? Sai ya kore shi da kansa. Mutumin da ke yawo da ita lungu-lungu da fasinja a baya ai ya san abincinta, in da zalla yake ba ta da tuni ta mutu a hannunsa. Ya lura hayaƙinta ya ragu, muryarta ta ƙara kaifi, zafin injin na dukan ƙafarsa fiye da da. Ya ce yaron ne ya taɓa mata kafireta don ta ƙara gudu. Ya ƙara jin haushinsa.

Ranar wata Alhamis aka yi rasuwa can wajen Marché Dakar, wani tsohon abokin aikinsa na kamfani. Tafiya ce mai ɗan nisa, ga kewaye-kewayen shingaye. Ya je lafiya, aka yi jana'iza, ya kamo hanyar gida da rana tsaka. A wani miƙaƙƙen titi da ba kowa, sai ya ji zuciyarsa ta yi masa daɗi kamar zamanin samartaka, ya murɗa mata. Shuɗiya ta amsa, iska na kaɗa masa babbar riga. Can sai ya ji wani ƙara kamar an ja ƙarfe a kan dutse, tayar baya ta ƙame, Shuɗiya ta soma jan gindi. Allah ya taimake shi hannunsa ya damƙe kulochi, ya gangara gefen titi bai faɗi ba.

Ya sauka. Ya taka kik, ya ƙi motsi, kamar an zuba masa siminti. Warin ƙonannen ƙarfe na tashi daga injin. Ya ɗaga sirdi ya tsoma kara, ya shafa man a tsakanin yatsunsa biyu. Melanj yana barin santsi a hannu. Wannan kuwa nan da nan ya bushe, ya bar masa fata fari ƙal. Fetur zalla ne.

Badaru ya zauna a bakin kwata. Ba sai an gaya masa ba, ya san fistan ya narke ya manne. Shagon da ke kawo kayan Besfa ya rufe tun farkon lakiriz, ko da yana buɗe ma, ina kuɗin? Ya ɗora hannu a kan ƙugunta mai zafi, hawaye suka zubo masa, bai damu da wa zai gani ba.

Da ya turo ta gida, baƙin cikin ya riga ya zama fushi. Da gangan ne, ya ce wa Lami. Yaron ya ga an sa kwaɗo, ya ga an gane shi, shi ne ya ce to kowa ya rasa. Ko kuwa so yake ta mutu in sayar masa a banza ya gyara.

"Yau zan kama shi da hannuna. In na kama shi kuwa, Zainabu ta dawo ɗakinki."

"Malam, kada ka yi abin da za ka zo kana cizon yatsa."

"Ke dai ki ja bakinki."

Da aka sallame magariba bai zauna hira ba. Ya zagayo ta bayan gida ya shige ɗan ɗakin ajiya da ke cikin zaure, inda ake tara tsofaffin tabarmi, ya janyo ƙofar ya bar ɗan tsagi, gorarsa a hannu. Ran farko ba wanda ya zo sai sauro. Washegari Juma'a ya sake komawa.

Bai daɗe ba ya ji sallama ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ba ya son a amsa. Sali ya shigo, takalmansa a hannu. Ya tsaya ya saurara, ya ji motsin tukwanen Lami can bayan gida. Badaru ya gyara riƙon gora, yana jiran ya ga makulli ya fito.

Ba makulli ya fito ba. Sali ko kallon sarƙar bai yi ba. Ya zaro kwalba daga cikin riga, da ɗan mazurarin da aka yanka daga bakin wata robar. Ya ɗage zanen a hankali da yatsu biyu, ya yi ta laluben maɓallin sirdi kamar baƙo a ɗakin duhu, kafin ya samu ya buɗe. Ko makaho ya ji wannan lalube ya san mutumin nan bai taɓa hawan Besfa ba. Ya zuba man. Bai fi rabin kwalba ba, kuma da ya ƙare ya daɗe yana riƙe da ita a kife, yana jiran ɗigon ƙarshe. Ɗigo ɗaya ya faɗa a jikin fenti, ya sa hannun rigarsa ya goge, ya sake gogewa. Ya rufe sirdi, ya mayar da zane ya daidaita gefensa. Sannan ya ɗauki takalmansa ya fita da baya.

Badaru na tsaye cikin tabarmi, gora ta yi masa nauyi a hannu. Ya so ya fito, ya fasa. Ya fito ya ce me? Ya tuna ran Lahadin nan, yana tura babur yana karkata kai kamar mai gyara. Ashe yaron ya gane. Ashe don kada surukinsa ya san an ga talaucinsa ne ya faɗa bayan kes. Kuma ta yaya mai kunya irin Sali zai tari uban matarsa da kwalbar mai ya ce ga sadaka? Sai dai haka, a ɓoye, ba takalmi. Direban mota ne, abin da ya sani a duniya shi ne a zuba fetur a tanki. Wa ya taɓa gaya masa zancen melanj? Badaru da ba ya barin kowa ya matso kusa da ita, wa ya taɓa koya wa?

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Da ya ɗauka kyauta ce, da tun ran farko ya shafa man a yatsa ya gane, ya zuba ɗan murfin man inji, shi ke nan. Zargin da ya riƙe ne ya hana shi dubawa.

Bai je isha a jam'i ba. Lami ta same shi zaune a ƙasa kusa da Shuɗiya.

"Ka kama ɓarawon?"

Ya gaya mata. Lami ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake maganar ta zo mata har baki. Ta zauna kusa da shi ta ce, "To ni ma bari in ƙara maka. Ɗazu Zainabu ke ce mini gobe Asabar ba zai fita da mota ba, wai tankinta ya bushe. Ta ce kullum tana ganinsa da tiyo a gindin motar, in ta tambaya sai ya ce dubawa yake yi."

Wato man da zai yi aikin Asabar da Lahadi da shi, wanda zai ciyar da gidansa, shi yake tsotsowa kaɗan-kaɗan yana kawowa. Badaru ya rufe fuska da hannu biyu.

"Kada ki gaya wa Zainabu abin da ya sami injin nan," ya ce. "In ya ji shi ne sanadi, yaron nan ba zai ƙara iya zama a unguwar nan ba."

"Ƙofar masallaci fa? Can ka ɓata shi."

"Can zan gyara."

Da asuba, bayan an sallame, ya san Sali na cikin masu zama lazimi har rana ta fito. Ya dawo gida da sauri, ya kwance tiyon Shuɗiya ya tsiyaye tankinta kaf a galan, ya haɗa da kwalbar da ya sayo a hanya da kuɗin hulunan jiya. Ya sa galan a ƙarƙashin babbar riga, ya tsallaka kwata ya nufi gidan surukinsa, gidan da rabonsa da shi tun ranar suna. A bakin ƙofa ya tsinci kansa yana tuɓe takalmi.

Taksin na tsakar gida, ganyen mangwaro ya rufe gilashinta. Ya yi ta laluben murfin tanki, shi ma bai san kan mota ba. Yana cikin zubawa ya ji motsi. Zainabu ce ta fito da buta. Ta ga ubanta a tsugune ba takalmi, da galan a hannu. Suka kalli juna. Sai ta juya a hankali ta koma ɗaki, ta saki labule kamar ba ta ga kowa ba.

Da hantsi yana zaune a ƙofar masallaci gaban hulunansa, sai ga taksin ta fito daga lungu tana tari, Sali a ciki. Da ya zo daidai su ya rage gudu ya sunkuyar da kai har goshinsa na taɓa sitiyari. Badaru ya ɗaga masa hannu, ya amsa da murya sosai yadda kowa zai ji.

"Allah ya ba da sa'a, ɗana. Allah ya tsare hanya."

Ilu ya kalle shi baki buɗe. "Malam, ba shi ne...?"

"Ƙarya na yi masa," in ji Badaru. "Ban gani ba na faɗa. Duk wanda ya ji daga bakina ya yafe mini, kuma ya goge. Yaron nan ko hawa babur bai iya ba."

Bayan kwana biyu Zainabu ta zo. Ta gaishe shi ta zauna nesa kaɗan, tana wasa da bakin mayafi.

"Baba, wai ya ce in tambaya, kwana biyu ba ya jin ƙarar Shuɗiya. Ko mai ne babu?"

Badaru ya kalli zaure, inda take lulluɓe da zanenta. Da safen nan ma ya goge ta, tun daga fitila har tayar safaya.

"Ki ce masa akwai mai," ya ce. "Tsufa ne ya kama ta. Ni ma idona ya soma rauni, na ajiye hawa. Ki ce masa in yaji ya ƙare gari ya buɗe, ranar Juma'a ya zo ya kai ni masallaci a mota."